Tunjere ga mai juna biyu: shin shi ne ya ci cikin ƙanwata har sau biyu?

Maman Nafisa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Da izinin ƙanwata na kawo wannan magana, sai dai ba zan ambaci sunanta ba. Shekararta huɗu da aure a nan Maraɗi. Cikinta na fari ya kai wata bakwai, motsi ya tsaya, aka kai ta likita aka fitar da ɗan babu rai. Na biyu ta haife shi da rai a wata takwas, ɗan ƙarami, cikinsa a kumbure, fatar tafin ƙafarsa tana saɓewa kamar wanda ruwan zafi ya ƙona, kuma bayan suna da kwana biyu ya koma. Yanzu tana ɗauke da na uku, wata huɗu. Ta je awo aka ɗebi jininta, sajufam, wato ungozomar likita, ta ce an ga sifilis, wato tunjere, ta rubuta mata allura uku, ɗaya kowane mako, ta kuma ce lallai a zo da mijin. Mijin ya ce shi lafiyarsa lau, ba za a jingina masa ciwon banza ba. Surukarta kuwa ta ce wabi ne kawai. Ita ƙanwata ta rantse ba ta taɓa ganin ƙurji ko miki a jikinta ba. Ina so masu sani su faɗa mini: shin wannan ciwo yana iya kashe ɗa a ciki alhali uwa ba ta jin komai? Kuma allurar ba za ta cutar da abin da ke cikin ba?

Hajiya ta Bagalam:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda suka koma, ya sa masu ceto ne. Ƴata, kada ku raina maganar surukar, domin wabi abu ne da muka tashi muka tarar. Gwaggona ta binne ƴaƴa biyar a jere, daga baya ta haifi uku suka rayu, kuma ba ta taɓa taka ƙofar likita ba. Ku yi allurar, ku kuma haɗa da sadaka da addu'a.

Sajufam Rakiya:
Maman Nafisa, amsar tambayarki ta farko ita ce e, kuma wannan shi ne babban sharrin tunjere. Ciwon yana farawa da ɗan miki guda wanda ba ya zafi, wajen mako uku bayan kamuwa. Ga mace sau da yawa mikin yana can ciki, a bakin mahaifa, inda ba za ta gan shi ba, kuma yana warkewa da kansa cikin mako uku zuwa shida ko ba a sha magani ba. Bayan nan wasu sukan ga ƙuraje a jiki, har da tafin hannu da tafin ƙafa, waɗanda galibi ba sa ƙaiƙayi, tare da ɗan zazzaɓi da za a ɗauka na cizon sauro ne. Su ma su ɓace. Daga nan ƙwayar cutar ta kwanta a jiki shekara da shekaru, mutum yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, ba abin da ke damunsa. Saboda haka rantsuwar ƙanwarki gaskiya ce, ba ta gani ba ne.

Amma ɗan da ke ciki ba ya samun wannan sassauci. Ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta shiga jininsa, ta lalata masa hanta da saifa da ƙashi, ta rage masa jini, ita kanta mabiyiyar ta kumbura ta kasa ciyar da shi yadda ya kamata. A cikin matan da ke da ciwon ba a yi musu magani ba, fiye da rabi cikin nasu yana ƙarewa da matsala: ko ɗa ya mutu a ciki, ko a haifi bakwaini, ko ya zo da ƙarancin nauyi, ko ya rasu cikin kwanakin jego, ko ya rayu da ciwon. Ba zan yanke hukunci a kan ƴaƴan da ban gani ba, amma abin da kika kwatanta, kumburin ciki da saɓewar tafin ƙafa, ya yi kama sosai da abin da muke gani ga jariran da suka ɗauko tunjere daga ciki.

Tambaya ta biyu: allurar ba ta cutar da ɗa, ita ce ma take warkar da shi tun yana ciki. Sunanta benzatin penisilin, wasu sun fi saninta da Extencilline, mai ƙarfin miliyan 2,4, a tsokar mazaunai ake yin ta. Idan an tabbatar kamuwar sabuwa ce, guda ɗaya ta isa. Idan ta daɗe ko ba a san lokacinta ba, sai a yi uku, mako-mako, kamar yadda aka rubuta mata. Ɓarnar ciwon ta fi tsananta ne daga wata na biyar zuwa sama, don haka wata huɗu lokaci ne mai kyau. Ta je gobe, kada ta jira shawarar kowa ta nuna.

Mushe Isufu:
Ina neman ƙarin haske a kan suna. Mu a nan duk abin da ya shafi al'aura sai mu ce ciwon sanyi. Shin tunjere da sanyi abu ɗaya ne? Na taɓa jin tsofaffi suna cewa kabba.

Abdu na Labo:
Mushe, ba abu ɗaya ba ne. Abin da aka fi kira ciwon sanyi ga maza, mai zafin fitsari da fitar mugunya, wata ƙwaya ce daban take kawo shi, kuma shi yana tona kansa da wuri. Tunjere, wanda tsofaffi ke ce wa kabba, ƙwayarsa siririya ce a murɗe kamar igiya, sunanta Treponema pallidum, wasu masana biyu a Jamus suka fara ganin ta a 1905. An fara warkar da shi da penisilin a 1943, kuma har yau wannan tsohon magani yana kashe ƙwayar. Haɗa komai a kira shi sanyi ne ya sa mata da yawa suke ɗauka daga masai ko daga ruwan wanka ake kwasar sa. Tunjere ba a ɗaukar sa a masai. Ta saduwa ake ɗauka, ko daga uwa zuwa ɗa, ko ta ƙarin jinin da ba a gwada ba.

Ɗan Tibiri:
Ni dai ina ganin ba a yi wa mijin nan adalci ba. A aiko wa magidanci saƙo ta bakin matarsa cewa ya zo a yi masa allurar ciwon da kowa ya san ta inda ake samun sa, me ake nufi ke nan? Ai zargi ne a fili. Kuma idan aka gwada shi ba a ga komai ba, ina matar za ta sa kanta? Irin wannan ne yake kashe aure.

Abdu na Labo:
Ɗan Tibiri, damuwarka tana kan hanya, amma bari in faɗa maka abin da gwajin yake iya faɗa da abin da ba ya iyawa. Gwaji iri biyu ne. Akwai TPHA da ɗan gwajin gaggawa na ɗigon jini daga yatsa, waɗannan suna nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma galibi suna ci gaba da nunawa har ƙarshen rayuwa ko da mutum ya warke. Akwai kuma VDRL ko RPR, wanda a wasu takardu za ka ga an rubuta BW, shi ne yake nuna ko ciwon yana da ƙarfi yanzu, kuma lambarsa tana sauka bayan magani. Babu ɗaya a cikinsu da yake faɗin wanda ya kawo ciwon gida, ko shekarar da ya shigo. Mutum yana iya ɗauko shi daga auren da ya yi a baya, mace ko namiji, daga abokin zaman da shi ma bai san yana da shi ba. Ƙari a kan haka, a yankinmu na Sahel an san wani ɗan uwan wannan ciwo da yara ke ɗauka ta cuɗanya da shan ruwa a moɗa ɗaya, ba ta saduwa ba, kuma shi ma yana sa gwajin ya nuna. Wanda ya ɗauki takardar labo ya mai da ita shaidar zina ya zalunci takardar, ya kuma zalunci mutum.

Uwargidan Alhaji:
Bari in ba da nawa labarin, ko zai amfani wani. Mu uku ne a gidanmu. Amaryarmu ce ta je awo aka gano mata, ta dawo tana kuka ta kulle ɗaki, ta kwana biyu ba ta karɓi girki ba. Da ta gaya mini, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne ita ta kawo mana, Allah ya yafe mini. Sai na tuna ni ma na yi ɓari sau biyu tun kafin a auro ta. Ni na tari maigida bayan sallar isha'i, na ajiye masa fura, na ce Alhaji, magana ce ta ƴaƴanka da za a haifa, ba ta laifin kowa ba. Ya yi shiru har na ɗauka ya yi fushi, can ya ce mu shirya da asuba. Mu huɗu muka tafi a motarsa, aka gwada mu, biyu aka gani, biyu ba a gani ba, kuma ba zan faɗi su wa da wa ba. Sajufam ta ce dukanmu a yi mana allurar tunda miji ɗaya muke zagayawa. Ɗiyar amaryar yanzu tana aji biyu. Maman Nafisa, ku nemi wanda mijin yake jin nauyinsa ya yi masa magana a keɓe, kada a bar abin a bakin ƙanwarki ita kaɗai.

Sajufam Rakiya:
Uwargida, Allah ya saka miki da alheri. Yi wa mace magani a bar miji da kishiyoyi, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin warkewa daga tunjere ba ta hana a sake kamuwa. Idan ta sake ɗauka a wata na bakwai, aikin ya koma baya. Kafin a yi wa kowa magani, a dakata da kwanciyar aure ko a yi amfani da kwaroron roba.

Ina so kuma in koma ga maganar Hajiya ta Bagalam. Inna, ban ce ciwon gwaggonki ke nan ba, amma tsofaffin likitoci tun kafin a sami penisilin sun lura da wani tsari ga mai tunjere: cikin farko ya zube ko a haifi gawa, na gaba a haife shi da ciwo ya rasu, na bayansa ya rayu da rauni, can daga baya a sami lafiyayyu, saboda haɗarin yana raguwa yayin da ciwon yake tsufa a jikin uwa. Wani ɓangare na abin da muke kira wabi yana iya zama wannan ne. Bambancin shi ne yau ba sai an binne biyar ba kafin a sami mai rayuwa.

Hajiya ta Bagalam:
To, Allah ya sa mu dace. Mu a zamaninmu ungozoma ce likitarmu, ba wanda ya san da ɗibar jini.

Dokta M.S.:
Ina goyon bayan abin da Malama Rakiya ta faɗa, amma ina jan hankali kada zauren nan ya tashi da fahimtar cewa duk macen da ta rasa ciki tunjere ne. Zazzaɓin cizon sauro, musamman daga damina zuwa kaka, yana kashe ƴaƴa a ciki fiye da shi. Akwai hawan jini na masu ciki, akwai ciwon suga, akwai emasi, wato ciwon sikila, akwai rashin jituwar jinin uwa da na ɗa, akwai doguwar naƙuda a gida. Ƙanwar Maman Nafisa tana buƙatar a duba mata waɗannan duka, a gwada ta kuma don sida da ciwon hanta, ta ci gaba da karɓar maganin rigakafin zazzaɓi da kwana cikin gidan sauro.

Ga masu son alƙaluma: Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a 2022 an sami jarirai wajen 700.000 da tunjere ya shafa daga ciki a duniya, daga cikinsu kimanin 150.000 sun mutu kafin haihuwa, wajen 70.000 kuma sun rasu suna jarirai. A jerin cututtuka masu yaɗuwa da ke sa a haifi ɗa babu rai, zazzaɓin cizon sauro ne kaɗai yake gabansa. Wani bincike da aka yi a Mwanza ta Tanzaniya, aka buga a 2002, ya nuna cewa a cikin matan da ba a gwada su a awo ba, kusan rabin ƴaƴan da aka haifa babu rai tunjere ne sanadi. Kuma abu ne mai yiwuwa a kawar da shi: a 2015 Kuba ta zama ƙasa ta farko da OMS ta tabbatar ta kawar da yaɗuwarsa daga uwa zuwa ɗa, ba da wani sabon magani ba, da gwada kowace mai ciki da yi mata allura a kan lokaci.

Zali Sabon Gari:
Ni ina tsoron allura ƙwarai. Ba za a iya shan ƙwayoyi ba? Masu tallar magani a tasha suna da kafso ja da rawaya da suke cewa yana wanke sanyi kowane iri.

Dokta M.S.:
Malama Zali, don Allah kada mai ciki ta kusanci wannan. Daga cikin ƙwayoyin da ake bai wa wanda ba shi da ciki akwai doksisiklin, kuma ba a ba mai ciki shi. Eritromisin kuwa yana iya taimakon uwa, amma ba ya ratsa mabiyiya yadda zai warkar da ɗa, sai uwa ta sami sauƙi ɗan yana nan da ciwonsa. Kafson tasha da rana ta gasa, wanda ake sha biyu yau ɗaya gobe, ba abin da zai yi sai ɓatar da alamomi. Wadda ta san jikinta ba ya karɓar penisilin, wato ta taɓa kumbura ko numfashinta ya sarƙe bayan an yi mata, ta faɗa kafin a ɗaga sirinji, akwai hanyar da likita zai bi.

Maman Biyu:
An yi mini wannan allura a cikina na huɗu. Gaskiya tana da zafi, ruwanta fari ne mai kauri kamar kindirmo, an raba mini ita gida biyu, dama da hagu, na koma gida a kabu-kabu ina zaune a karkace. Da dare zazzaɓi ya rufe ni, jikina yana rawa, marata tana ɗaurewa, har uwata ta ce sun kashe mini ɗa. Muka koma likita cikin daren, aka saurari bugun zuciyar ɗan, aka ba ni farasitamol, kafin azahar na ware. Na so in ƙi ta biyu, sajufam ta ce idan na bar tazara ta yi yawa sai an sake daga farko.

Sajufam Rakiya:
Abin da ya sami Maman Biyu sananne ne, yana zuwa cikin kwana ɗaya bayan allurar farko, lokacin da ƙwayoyin cutar suke mutuwa da yawa a lokaci guda. Ba ƙin magani ba ne. Amma mai ciki idan ta ji ciwon mara ko motsin ɗa ya ragu, ta dawo nan take kamar yadda ta yi. Wani abu kuma: ana so a yi maganin da aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. Wadda aka yi wa a makon naƙuda, ana ɗaukar jaririnta kamar wanda ba a yi wa uwarsa magani ba.

Infirmiye daga Karkara:
Ina karanta ku ina jinjina kai, domin ku a birni kuke. Inda nake aiki, wanda ba zan ambata ba, mata suna zuwa awon farko ne a wata shida ko bakwai, saboda ɓoye ƙaramin ciki da ake yi don kunya ko tsoron baki. Wani lokaci kayan gwajin su yanke mana, wani lokaci a sami gwajin a rasa allurar, in rubuta takarda in ce a sayo a gari, matar ta tafi a amalanke ban sake ganin ta ba sai ta zo da jariri mai majina. Yanzu akwai ɗan gwaji guda da yake duba sida da tunjere a ɗigon jini ɗaya, cikin minti ashirin, kuma ƙa'ida ita ce idan ya nuna a yi allurar farko a ranar, kada a ce je ki dawo. Da za a tabbatar mana da waɗannan biyun, gwajin da allurar, a kowace CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, da an rage kaburburan jarirai.

Maman Nafisa:
Na gode muku ƙwarai. Malam Infirmiye ya ambaci jariri mai majina, wannan kuma mene ne? Kuma idan Allah ya sauke ta lafiya, za ta iya ba da nono?

Dokta M.S.:
Za ta ba da nono, ciwon ba ya bi ta ruwan nono, sai dai idan akwai miki a kan nonon. Game da majina, yawancin jariran da suka ɗauko ciwon ana haihuwar su ne kamar lafiyayyu, alamomin su fito cikin makonni, galibi kafin wata uku: hanci ya toshe da majina mai yawa, wani lokaci da jini-jini, har ya kasa kama nono, ko shawara, ko ƙuraje, ko ya daina motsa hannu ɗaya yana tsala kuka idan an taɓa shi saboda ƙashin ya kumbura, a ɗauka targaɗe ne a kai shi wurin maɗori. Wanda ya tsallake wannan ba magani, bayan shekara biyu zuwa sama ana iya ganin kurumta, ko hazo a ido, ko karan hanci ya lotsa, ko haƙoran gaba na dindindin su fito da gibi a tsakiyar bakinsu, ko ƙwauri ya lanƙwashe. Jaririn da ke da alamomi, ko wanda ba a yi wa uwarsa cikakken magani ba, ana yi masa penisilin kwana 10 zuwa 15. Saboda haka ta haihu a likita, ta riƙe karnenta na awo inda aka rubuta ranakun allurar, ta nuna shi ga wanda ya karɓi haihuwar.

Malam Na Limanci:
Ga mijin nake da magana, idan za a isar masa. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma ɗan da ke ciki amana ne a wuyan uba kamar yadda yake a wuyan uwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka nan haramun ne surukai ko maƙwabta su mai da wannan abin tsegumi. Ni ina ganin ma a riƙa haɗa wannan gwaji da waɗanda ake yi kafin ɗaurin aure.

Ɗan Tibiri:
Allah gafarta Malam, gwajin kafin aure ba zai kare wanda ya kamu bayan aure ba, kuma Abdu ya ce gwajin yana nunawa har abada, ke nan za a fasa auren mutanen da suka riga suka warke. Ni har yanzu ina nan a kan cewa yadda ake kiran maza ne bai dace ba. A ba mu takarda a rufe, a ba mu lokacin da ba sai mun ratsa layin mata masu awo ba, za a ga bambanci.

Sajufam Rakiya:
Wannan kam na karɓa, Ɗan Tibiri. Ni da kaina nakan ce su zo da yamma bayan an watse. Gwajin kafin aure yana da amfaninsa, amma ba ya maye gurbin na awo, wanda ake so a kowane ciki, ba a na fari kaɗai ba.

Maman Nafisa:
Na dawo da labari. Jiya na raka ta aka yi ta farko, ta ɗan yi zazzaɓi da dare amma ta kwana lafiya, an rubuta mata ranar Talata mai zuwa don ta biyu. Na bi shawarar Uwargidan Alhaji, maigidana ya sami yayan mijin a shagonsa suka yi magana. Mijin bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai tambaya ko za a iya yi masa gwajin a Katsina idan ya je sarin kaya, inda ba wanda ya san shi. Ita kuma surukar ta aiko da rubutu da turare. Malama Rakiya, idan ya yi a can ya kawo takarda, ya wadatar?

Sajufam Rakiya:
Ya yi a duk inda hankalinsa ya kwanta, muddin wurin na ƙwarai ne, amma ya sani ko gwajin bai nuna ba ana iya ce masa a yi allurar, domin sabuwar kamuwa takan ɗauki makonni kafin ta bayyana a jini. Ki tambaya mini kuma ko yana da wata matar, domin ba ki faɗa ba.